Dakta Eugene Stead: Likitan da ya kafa aikin mataimakin likita a Amurka

Ranar 6 ga watan Oktoba na kowace shekara, asibitoci da makarantun koyon aikin lafiya a Amurka kan yi bikin ranar mataimakan likitoci. An zaɓi ranar ne saboda dalilai biyu. A ranar ce cikin 1967 Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa ta yaye mutum uku na farko da aka horar a wannan aiki, kuma ita ce ranar haihuwar wanda ya kafa shirin, Dakta Eugene Anson Stead. Daga waɗancan mutum uku, yau masu riƙe da takardar shaidar wannan aiki a Amurka sun haura dubu 150. Suna duba marasa lafiya, suna gano cuta, suna rubuta magani, suna taimakawa a ɗakin tiyata, duk tare da likitocin da suke aiki a ƙarƙashinsu ko kafaɗa da kafaɗa da su.

Tambayar da Stead ya yi shekaru yana juyawa ba ta tsufa ba. A cikin aikin da likita ke yi daga safe zuwa dare, wane ne dole sai wanda ya shafe shekaru masu yawa a makaranta zai yi shi, wane ne kuma za a iya koya wa mutum mai hankali da natsuwa cikin shekara biyu? Amsar da ya bayar ta buɗe wa miliyoyin mutane ƙofar asibiti. Abin da ya biyo baya kuma ya nuna cewa horar da ma'aikaci daban, kai shi ƙauyen da ake buƙatarsa ya zauna daban.

Haihuwa da neman ilimi

An haifi Stead a ranar 6 ga Oktoba, 1908, a yankin Atlanta, babban birnin jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. A Jami'ar Emory da ke wannan birni ya yi karatunsa: ya sami digirin farko a 1928, sannan ya kammala karatun likita a 1932, lokacin da matsin tattalin arziki ya durƙusar da ƙasar. Daga nan ya tafi neman ƙwarewa a Boston da Cincinnati, inda ya zaɓi fannin cututtukan cikin jiki, wato waɗanda ake warkarwa da magani da kulawa maimakon wuƙar tiyata.

A Boston ne ya haɗu da malamin da ya fi tasiri a rayuwarsa, Dakta Soma Weiss, haifaffen ƙasar Hangari. Weiss yana koyarwa ne a bakin gadon majiyyaci. Yakan tsaya da ɗalibansa a kan mutum guda, a yi ta tambaya ana bin diddigi har a gane abin da ke faruwa a jikinsa. Stead ya yi aiki da shi a babban asibitin birnin Boston, ya kuma bi shi zuwa asibitin Peter Bent Brigham a 1939. A wannan zamani ne ya auri Evelyn Selby, wadda ta kasance sakatariyar Weiss, suka haifi 'ya'ya uku. Weiss ya rasu ba zato ba tsammani a farkon 1942 yana da shekara 43, amma hanyarsa ta koyarwa ta rayu a hannun almajirinsa.

Darasin da yaƙi ya koyar

A wannan shekara ta 1942 Jami'ar Emory ta kira Stead gida, ta ɗora shi a kan kujerar shugaban sashen cututtukan cikin jiki, alhali bai cika shekara 35 ba. Amurka ta riga ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma rundunar soja ta kwashe likitoci da dama. Asibitin Grady, wanda talakawan Atlanta baƙaƙe da farare suka dogara da shi, kowanne a ɓangarensa bisa tsarin wariyar launin fata na wancan lokaci, ya cika da majiyyata ba masu duba su.

Stead bai da zaɓi illa ya ɗora wa ɗaliban likita da ƙananan likitoci nauyin da a da ba a ba su. A lokaci guda kuma makarantun likita na ƙasar sun matse karatun shekara huɗu ya koma uku, ta hanyar soke dogon hutu, domin a samar wa soja likitoci da gaggawa. Abin da ya gani da idonsa ya zauna masa a rai. Matasan da aka bai wa aiki na gaske, aka kuma tsaya a kansu, sun koya da sauri fiye da yadda ake zato, asibitin kuma ya ci gaba da aiki. Daga nan ya fara shakkar cewa tsawon shekarun makaranta shi kaɗai ne ma'aunin iya kula da majiyyaci.

Duk da wannan ɗawainiya bai bar bincike ba. Shi da abokin aikinsa Dakta James Warren suna cikin na farko-farko a Amurka da suka yi amfani da dabarar zura siririn bututu ta jijiya har zuwa zuciya domin auna yadda jini ke gudana. Bincikensu ya ƙara wa likitoci fahimtar abin da ke faruwa idan zuciya ta gaza, da dalilin da ya sa ruwa ke taruwa a jikin mai wannan ciwo. Ya riƙe shugabancin makarantar likita ta Emory na ɗan lokaci bayan yaƙi, amma aikin ofis bai riƙe shi ba.

Shekara ashirin a Duke

A 1947 ya koma Jami'ar Duke da ke birnin Durham, inda ya shugabanci sashen cututtukan cikin jiki har zuwa 1967. Ya yi suna da tsananin aiki. Ƙananan likitocinsa sukan kwana a asibiti mafi yawan dararen mako, kuma ko safiyar Lahadi akwai zaman nazari da yake jagoranta. Ra'ayinsa shi ne abin da aka haddace don jarrabawa yakan zube bayan 'yan watanni, amma abin da mutum ya koya a kan majiyyacin da aka damƙa masa amanarsa ba ya gushewa. Mutum 33 daga cikin waɗanda suka yi horo a hannunsa sun zama shugabannin sassa a makarantun likita daban-daban.

Sai dai a wajen katangar jami'a al'amura suna ta taɓarɓarewa. Bayan yaƙi, sababbin likitoci sun raja'a ga neman ƙwarewa a fanni guda da zama a birane. Likitan garin ƙauye, wanda ke karɓar haihuwa, ya ɗaure karaya, ya duba tsoho da jariri, yana tsufa babu magaji. Waɗanda suka rage a karkarar Karolina ta Arewa ba sa iya barin ɗakin shan maganinsu ko na mako ɗaya domin ƙaro ilimi, don ba wanda za su bar wa majiyyata. Stead yana ganin sakamakon haka a marasa lafiyar da ake kawo masa bayan cuta ta ci ƙarfinsu.

Yunƙurin farko da ya ci tura

Tunaninsa na farko ya tafi ga ma'aikatan jinya, domin su ne suka fi kowa kusanci da majiyyaci. A ƙarshen shekarun 1950 ya haɗa gwiwa da wata malamar jinya ta Duke, Thelma Ingles, wadda ta shafe shekara guda tana bin zagayen likitoci a sashensa tana koyon duba majiyyaci da gano cuta. Tare suka tsara karatun digiri na biyu da zai ba ma'aikatan jinya irin wannan ƙwarewa. Ƙungiyar da ke tantance makarantun jinya ta ƙasa ta ƙi amincewa da shirin, kuma cikin dalilanta har da yawan hannun likitoci a koyarwar. Shugabannin jinya na lokacin suna fafutukar ganin aikinsu ya tsaya da ƙafarsa, suna kuma tsoron kada a mayar da su 'yan aiken likitoci. Shirin ya mutu, Ingles ta koma aiki da Gidauniyar Rockefeller.

Wannan koma-baya ya koya wa Stead cewa kyakkyawan tunani ba ya rayuwa idan hukumomin da ke riƙe da hatimi ba su yarda da shi ba. Ya kuma sa ya fara duba wani wurin.

Misalin garin Garland

A wani ƙaramin gari mai suna Garland akwai wani likita, Dakta Amos Johnson, wanda tun wajajen 1940 ya ɗauki wani matashi baƙar fata, Henry Lee Treadwell, ya yi ta koya masa aiki sannu a hankali. Treadwell bai taɓa shiga makarantar likita ba, amma a kwana a tashi ya iya ɗinke rauni, da ɗaukar jini, da gane majiyyacin da ke buƙatar a garzaya da shi babban asibiti. Idan Johnson ya yi tafiya, shi ke riƙe da wurin. Likitocin Duke sun san shi domin yakan rako majiyyata zuwa can, kuma sun shaida iyawarsa. Da taimakonsa ne Johnson ya sami sararin shiga harkokin ƙungiyar likitocin gama-gari ta Amurka har ya shugabance ta.

Gani ya kori ji. Abin da ya rage shi ne a mayar da abin da likita ɗaya ya yi da mutum ɗaya cikin shekaru ya zama karatu mai manhaja da takardar shaida. Wani likita, Dakta Charles Hudson, ya riga ya ba da shawara a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1961 cewa a horar da tsofaffin ma'aikatan lafiya na soja su zama mataimaka. Dubban irin waɗannan matasa suna barin aikin soja kowace shekara, wasunsu sun yi jinyar raunuka a fagen daga, amma da sun cire kaki ba wani gurbi da ya dace da su a asibitocin farar hula.

A 1965 abubuwa suka haɗu. A watan Yuli Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa Medicare da Medicaid, shirye-shiryen gwamnati na biya wa tsofaffi da marasa galihu kuɗin magani, lamarin da ya ƙara yawan masu neman likita. Yaƙin Biyetnam kuma yana ƙara zafi. A watan Oktoba na wannan shekara Stead ya buɗe ajinsa da mutum huɗu, dukkansu tsofaffin ma'aikatan lafiya na rundunar sojan ruwa. Karatun na shekara biyu ne: watanni na farko a aji, mafi yawan lokacin kuma a ɗakunan majiyyata, bisa darasin da ya ɗauko daga zamanin yaƙi. Uku daga cikinsu, Victor Germino da Kenneth Ferrell da Richard Scheele, suka kammala a 1967.

Hikimar da ke cikin tsarin

Stead bai nemi ya ƙirƙiro ƙaramin likita mai cin gashin kansa ba. Ya ɗaure mataimakin da likita guda wanda zai ɗauki alhakin aikinsa. Likitan ne zai tantance abin da mataimakinsa ya iya, ya ƙara masa nauyi gwargwadon yadda ya ƙware, kuma idan an yi kuskure shi za a tambaya. Wannan ya kwantar da hankalin ƙungiyoyin likitoci, waɗanda da sun ga kishiya da sun murƙushe shirin tun yana jariri. Ya kuma sauƙaƙa batun doka, domin maimakon a rubuta sabuwar doka mai jera kowane aiki da mataimaki zai iya yi, sai aka gyara dokar aikin likita ta yadda za ta ba shi damar wakilta wani. Karolina ta Arewa ta yi wannan gyara a 1971, wasu jihohi suka bi sahu.

Ya kuma san lokacin sakin ragama. A 1967 ya sauka daga shugabancin sashensa, ya miƙa shirin ga Dakta Harvey Estes na sashen lafiyar al'umma, wanda ya ɗauki ɗawainiyar zama da lauyoyi da 'yan majalisa. Ɗaliban Duke suka kafa ƙungiyar mataimakan likitoci ta ƙasa a 1968. Ƙofar da aka fara buɗe wa tsofaffin sojoji maza ta faɗaɗa: Prentiss Harrison ya zama baƙar fata na farko da ya kammala a 1968, sannan a 1970 Joyce Nichols, wadda a da ma'aikaciyar jinya ce, ta zama mace ta farko. Nichols ta tafi karkarar arewacin Durham ta taimaka aka buɗe ɗakin shan magani ga manoman da ba su da likita, wato ainihin abin da aka kafa shirin dominsa.

Wasu ma sun tashi tsaye a wasu sassan ƙasar. A jihar Kolorado, Loretta Ford da Dakta Henry Silver sun fara horar da ma'aikatan jinya masu duba yara a 1965, suka farfaɗo da tunanin da aka kashe a Duke. A Jami'ar Washintan da ke Seattle kuwa, Dakta Richard Smith, wanda ya yi aikin likita a Najeriya a farkon shekarun 1960 tare da matasan Amurka 'yan sa-kai, ya kafa shirin MEDEX a 1969. Smith ya fara ne daga ƙarshen hanya: sai an sami likitan karkara da ya yi alkawarin ɗaukar ɗalibi aiki, sannan a yi masa wata uku a jami'a, ya yi shekara guda a hannun wannan likita a garin da zai zauna.

Doka da kuɗi da jarrabawa

Abubuwa uku ne suka mayar da gwajin jami'a ɗaya ya zama sana'ar ƙasa baki ɗaya, kuma ba ɗaya daga cikinsu da aka yi a ɗakin karatu. A 1971 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da aikin, a shekarar kuma majalisar dokokin tarayya ta zartar da dokar horar da ma'aikatan lafiya da ta ware wa irin waɗannan shirye-shirye kuɗi, makarantu suka yawaita. A 1973 aka yi jarrabawar ƙasa ta farko, ta yadda takardar wanda ya yi karatu a gabas da ta wanda ya yi a yamma suka zama daraja ɗaya. Sannan a 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar ɗakunan shan magani na karkara, wadda ta ba Medicare da Medicaid damar biyan kuɗin aikin da mataimakin likita ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya suka yi a irin waɗannan wurare. Kafin wannan doka, ɗakin shan maganin da ba likita a zaune ba shi da tabbacin samun kuɗin aikinsa, don haka ɗaukar mataimaki asara ce.

Amma kuɗin da ya raya aikin shi ne kuma ya karkatar da shi. Asibitocin birane da likitocin tiyata da na ƙashi da na fata sun gane amfanin mataimaka, kuma sun fi ɗakin shan maganin ƙauye iya biyan albashi. Karatun ya tashi daga takardar shaida ya koma digiri na biyu, kuɗin makaranta ya hau, mai fitowa da bashi a wuya kuwa inda albashi ya fi tsoka yake dosa. Yau waɗanda ke aikin kiwon lafiya matakin farko ba su kai kashi ɗaya cikin uku na mataimakan likitocin Amurka ba, kuma har yanzu yankunan karkara da yawa suna cikin jerin wuraren da gwamnatin ƙasar ta ayyana a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Ƙarshen rayuwa

Barin kujera bai sa Stead ya zauna ba. Tun kafin kwamfuta ta zama ruwan dare ya dage cewa ƙwaƙwalwar likita ɗaya ba za ta riƙe tarihin dubban majiyyata ba, ya kuma ƙarfafa kafa rumbun bayanan masu ciwon zuciya na Duke a ƙarshen shekarun 1960, wanda daga baya ya haifar da babbar cibiyar binciken magunguna ta jami'ar. Ya yi editan Circulation, mujallar ƙungiyar masana zuciya ta Amurka, a shekarun 1970, sannan ya yi editan mujallar likitocin Karolina ta Arewa. Har cikin tsufansa yana jayayya cewa ya kamata a buɗe wa mataimakan likitoci masu gogewa gajeriyar hanyar zama cikakkun likitoci ba tare da sun bar garuruwan da suke aiki ba, shawarar da makarantun likita ba su karɓa ba.

Mai ɗakinsa Evelyn ta riga shi rasuwa a 2003. Shi kuma ya rasu a ranar 12 ga Yuni, 2005, a gidansa da ke bakin tafkin Kerr a Karolina ta Arewa, yana da shekara 96.

Abin lura ga masu tsara manufofi

Ba Stead ne ya fara tunanin ma'aikacin lafiya mai matsakaicin horo a duniya ba. Rasha ta daɗe da irinsu a karkararta. A Najeriya ma makarantar likita ta Yaba ta fara horar da mataimaka tun 1930, kuma dattawan Arewa ba su manta da disfensa na zamanin En'e ba, wanda a garuruwa da yawa shi ne likita, shi ne mai ba da magani. Jami'an lafiyar al'umma da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi a yau magadan wannan layi ne. Aikinsu ya sami ƙarfi a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shekarar da aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, kuma a 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar raba wasu ayyukan likitoci da ungozomomi ga ma'aikata na ƙasa da su.

Abin da Stead ya ƙara shi ne ya tabbatar, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin koyarwa na duniya, cewa wannan tsari yana iya tafiya ba tare da an rage ingancin magani ba, muddin akwai likitan da ke tsaye a bayan mataimakin, wanda ya san shi, yake duba aikinsa, yake kuma amsa kiransa idan abu ya fi ƙarfinsa. Inda aka horar da mataimaki aka jefa shi ƙauye shi kaɗai, ba mai dubawa, ba hanyar tura majiyyaci gaba, sunan tsarin kawai aka ɗauka. Inda kuma aka bar albashi da ƙarin girma suka taru a birni, to can ma'aikacin zai nufa, ko a Karolina ta Arewa ne ko a wani wuri. Waɗannan batutuwa biyu, kulawa da biyan haƙƙi, a teburin masu rubuta doka da kasafin kuɗi ake yanke su.